Tambaya: tsohon littafin ƙirar manhaja da sabbin manhajojin zanen UML, ta ina ake kamawa?

Nasiru_K

Assalamu alaikum. Ina da littattafai biyu kan ƙirar manhaja bisa tsarin azuzuwa da abubuwa, wato yadda ake tsara shiri kafin a zauna rubuta shi a Java ko C# ko Python. Ɗaya na ƙarshen shekarun 1990 ne, ɗayan na baya-bayan nan. Zanensu bai zo ɗaya ba. Tsohon ya ce zanen UML, wato ma'aunin alamomin zana tsarin manhaja, iri 9 ne, sabon ya ce 14, kuma hotunan tsohon duk daga manhajar zane ta Rational Rose aka ɗauko su. Shin tsohon yana da sauran amfani? Wace manhajar zane zan girka? Na uku shi ya fi damuna: in na karanta babi ina ganewa, amma da na ɗauko wani aiki dabam sai in rasa yadda zan fitar da azuzuwansa. Na gode.

Malam Bashir

Wa alaikumus salam, Malam Nasiru. Kada ka yar da tsohon. Bambancin 9 da 14 ba kuskuren marubuci ba ne, zamani ne ya raba su.

A farkon shekarun 1990 hanyoyin zane suna da yawa, kowa da nasa alamomin. Uku suka yi fice: ta Grady Booch, da ta James Rumbaugh mai suna OMT, da ta Ivar Jacobson wanda ya zo da zancen yanayin amfani. Su ukun suka haɗu a kamfanin Rational Software suka ɗinke hanyoyinsu wuri ɗaya, ƙungiyar OMG mai tsayar da ma'aunan manhaja ta karɓi UML 1.1 a matsayin ma'auni a watan Nuwamba na 1997. Littafinka mai zane 9 na wannan zamanin ne. UML 2.0 ta fito a 2005 da zane 13, daga baya aka ƙara na furofayil suka cika 14, kuma bugun da ake kai yanzu shi ne 2.5.1 na 2017. In ka ci karo da littafin da ya zana aji kamar gajimare, to ya ma riga UML, alamomin Booch ne.

Wuraren da tsohon zai ruɗa ka ba su da yawa. Abin da ya kira zanen haɗin gwiwa shi ne zanen sadarwa a UML 2, suna kawai aka sauya. A zanen jerin saƙonni, tsohon yana rubuta sharaɗi da tauraron maimaici a kan kibiyar kanta, sabon kuwa yana kewaye saƙonnin da akwati mai laƙabi: alt don zaɓi tsakanin hanyoyi, opt don abin da zai iya faruwa ko kada ya faru, loop don maimaici, par don abubuwan da ke gudana lokaci ɗaya.

Wanda ya fi cizo shi ne zanen gudanar aiki. A UML 1, in kibiyoyi biyu suka shiga aiki ɗaya, ko wacce ta iso aikin zai fara. A UML 2 ma'anar ta juye: aikin zai tsaya har sai duka biyun sun iso. Saboda haka in ka kwafo zanen tsohon littafi inda hanya ta rabu gida biyu a wajen yanke shawara, ka mayar da rassan kai tsaye cikin aiki ɗaya, bisa ƙa'idar yanzu ka zana abin da ba zai taɓa gudana ba, don reshe ɗaya kaɗai ake bi. Gyaran shi ne ka sa alamar lu'ulu'u ta haɗa rassan tukuna, kibiya ɗaya ta fito daga cikinta.

Abin da bai tsufa ba shi ne babin da ke bayanin wane aji ya kamata ya ɗauki wane nauyi, da yadda ake rage dogaron aji a kan aji, da yadda ake tattara ayyuka masu dangantaka wuri ɗaya. Wannan ka karanta shi a tsohon, alamomi ka duba su a sabon. Kuma cikin 14 ɗin nan, uku ne za ka rayu da su: zanen azuzuwa, zanen jerin saƙonni, da zanen sauyin hali. Sauran ka san da zamansu, ka koma musu ranar da buƙata ta taso.

Injiniya Hadiza

Malam Bashir ya gama da batun littattafan. Bari in taɓa tambaya ta uku, don ita ce ainihin ciwon, kuma babu manhajar zanen da za ta warkar da shi.

Dalilin da ya sa kake ganewa a littafi ka kasa a aikinka shi ne littafi yana nuna maka zanen da aka riga aka gama. Ba ka ga azuzuwan da marubucin ya zana ya goge ba. Don haka ka sauya yadda kake karatu: ka karanta bayanin matsalar, ka rufe littafin, ka yi naka zanen, sannan ka buɗe ka kwatanta. Inda kuka saɓa, nan darasin yake.

Ga misali da za ka gwada: tsarin kama ɗakin taro a ma'aikata. Ka fara da rubutu, ba zane ba. Layi shida zuwa goma sun isa: ma'aikaci ya zaɓi ɗaki da lokaci, tsarin ya duba ko ɗakin yana hannun wani a lokacin, in babu kowa ya rubuta kamun yana jiran amincewa, mai kula da ɗakuna ya amince ko ya ƙi. A ƙasa ka jera abin da zai iya karkacewa: lokacin ya riga ya wuce, mahalarta sun fi kujerun ɗakin yawa, an soke bayan an amince. Zanen yanayin amfani, mai ɗan mutum da ƙwai-ƙwai, da littattafai suke nunawa fihirisa ne kawai, naman yana cikin wannan rubutun.

Sai ka ɗauko ƙananan katunan takarda. Wannan dabara ta katunan CRC (aji, nauyi, mataimaka) Kent Beck da Ward Cunningham ne suka gabatar da ita a 1989. Kowane kati aji ɗaya: suna a sama, nauyin da ya ɗauka a hagu, azuzuwan da yake neman taimakonsu a dama. Ƙanƙantar katin da gangan ne. In nauyin aji ya cika kati har ka juya baya, ajin ya yi kaya da yawa, a raba shi.

Yawancin littattafai za su ce ka ja layi a ƙarƙashin sunaye a cikin bayanin, su ne azuzuwa. Dabarar tana aiki rabi da rabi. Za ta ba ka Ɗaki da Ma'aikaci, amma za ta kuma ba ka "Tsari", wanda in ka mai da shi aji zai haɗiye komai, sauran su zama buhunan ajiye bayanai da ba sa aikin komai. Sannan tana iya ɓoye maka aji mafi muhimmanci, don a bayanin ya zo a matsayin aikatau: "ya kama ɗaki". Kamun nan abu ne mai zaman kansa. Yana da lokacin farawa da na gamawa, yana da hali, ana iya soke shi. Gwajin da za ka riƙa yi: in akwai bayanin da bai dace a ajiye shi a Ɗaki ba, bai kuma dace a Ma'aikaci ba, to akwai aji na uku a tsakaninsu.

Wa zai duba cin karon lokaci? Wanda yake riƙe da bayanin. Ɗaki ne ya san kamun da ke kansa, shi zai amsa ko yana da sarari. Lissafin kansa kuwa ka ba wa ƙaramin aji, ka kira shi Tazara, mai siffofi biyu kacal, farawa da gamawa. Tazara biyu sun ci karo in farawar ta ɗaya ta gaza gamawar ta biyu, kuma farawar ta biyu ta gaza gamawar ta ɗaya. A lura, "ta gaza" ne, ba "ta gaza ko ta yi daidai" ba. In ka sa daidai, taron 10:00 zuwa 11:00 zai hana na 11:00 zuwa 12:00, masu amfani su yi ta ƙorafi ba ka san daga ina ba.

Tarkon da sabon mai koyo ya fi faɗawa shi ne gado. Ya karanta babin gado ya ji daɗinsa, sai ya yi ɗaki mai majigi ya gaji Ɗaki, ɗaki mai allo ya gaji Ɗaki. To ɗakin da ke da duka biyun fa? Da kayan aiki iri huɗu, haɗe-haɗen da za su iya fitowa 16 ne. Kuma ranar da aka ɗauke majigi daga wani ɗaki, sai abu ya sauya aji, wanda Java da C# ba su yarda da shi ba. Ɗaki yana da jerin kayan aiki, shi ke nan. Gado sai inda ɗan zai iya tsayawa a gurbin uban a ko'ina ba tare da shirin ya lalace ba, ƙa'idar da Barbara Liskov ta bayyana a 1987.

Kamu kuma ka yi masa zanen sauyin hali: yana jira, an amince, an soke, an kammala. Ƙin amincewa ka lissafa shi cikin sokewa a wannan matakin. Amfanin zanen shi ne kibiyoyin da babu su. Babu kibiya daga "an soke" zuwa "an amince", don haka kod ɗinka ya ƙi wannan. Wanda ya tsallake zanen yakan sa tutoci uku na e ko a'a, wato yanayi 8, alhali huɗu ne kawai masu ma'ana. Sauran huɗun, irin su kamun da aka soke kuma aka kammala, su ne gidan kurakurai.

Daga nan ka zana jerin saƙonni na yanayi ɗaya, ka rubuta kod ɗinsa a ranar. Duk kibiyar da ta shiga wani abu, dole ajinsa ya sami aiki mai wannan sunan. In kod ya ƙi bin zane, yawanci zanen ne ke da laifi, ka koma ka gyara shi.

Usman_Dev

Kan manhajar zane, ɗan'uwa, manta da Rational Rose. IBM ta sayi Rational a 2003, Rose kuma ta daɗe da zama tarihi. Ka tsallake shafukan da ke cewa latsa nan, latsa can. ArgoUML ma tsoffin littattafai suna yawan ambatonta, amma a UML 1.4 ta tsaya, ba za ka sami akwatunan alt da loop a cikinta ba.

Kayan da ake da su yanzu kashi uku ne, kuma rashin bambance su ne ke sa mutane wahala.

Akwai na zane zalla, kamar diagrams.net da Visio. Akwati da layi ne kawai, ba su san me ake kira aji ba. Ka sauya sunan aji a zane ɗaya, sauran zanen suna nan da tsohon suna. Ka juya kibiyar gado ta fuskanci ɗa maimakon uba, ba za su ce maka uffan ba.

Akwai masu ajiye samfuri, kamar Enterprise Architect na Sparx Systems, da Visual Paradigm, da StarUML, da Papyrus na Eclipse. A nan aji sau ɗaya yake zaune a cikin samfuri, zane taga ce kawai da ake leƙa shi. Ka sauya suna wuri ɗaya ya sauya ko'ina. Abin da ke kama sabon shiga: gogewa iri biyu ce, daga zane da daga samfuri. Ka goge daga zane, ajin yana nan a bishiyar samfuri da duk alaƙoƙinsa. Bayan wata guda sai ka tarar da Ɗaki uku a ciki, biyu marayu. Kada kuma ka dogara da XMI, tsarin fayil na musayar samfuri, wajen ƙaura daga wannan manhaja zuwa waccan. Azuzuwa sukan tsallaka, amma shimfiɗar zanen sau da yawa takan ɓata, ka sake jerawa da hannu.

Na uku su ne masu karɓar rubutu su fitar da zane, PlantUML da Mermaid. Ga mai koyo, nan nake ba da shawara. Misalin Injiniya Hadiza a PlantUML:

```
@startuml
class Daki {
  -suna
  -kujeru
  +yanaDaSarari(t : Tazara)
}
Daki "1" -- "0..*" Kamu
Maaikaci "1" -- "0..*" Kamu
Kamu *-- "1" Tazara
@enduml
```

Tunda rubutu ne, yana shiga Git, ma'ajiyar tarihin sauye-sauyen fayiloli, tare da kod, ka ga layin da ya sauya tsakanin jiya da yau. Kuma yana tilasta maka sanin alamar da kake nufi: `<|--` gado, `*--` lu'ulu'u cikakke, `o--` lu'ulu'u fanko, `..>` dogaro. PlantUML tana buƙatar Java. Zanen azuzuwa yana jingina da wata manhaja mai suna Graphviz wajen jera akwatuna, zanen jerin saƙonni kuwa ba ya buƙatarsa, shi ya sa za ka ga ɗaya ya fito ɗayan ya ba da saƙon kuskure. Ko ka girka Graphviz, ko ka sa layin `!pragma layout smetana` a saman fayil. In za ka rubuta ɗ da ƙ da ɓ a cikin laƙabi suka fito a hargitse, ƙara `-charset UTF-8` a umarnin. Mermaid kuwa GitHub yana nuna zanenta kai tsaye a fayilolin Markdown tun 2022, sai dai ba ta kai PlantUML cika alamomin UML ba.

Rauninsu shi ne ba kai ke da iko da inda akwati zai zauna ba. Da azuzuwa sun haura goma sha biyar zuwa ashirin layuka sun fara sarƙewa. Amma zanen da ya kai haka dama ya kamata a raba shi.

Nasiru_K

Allah ya saka da alheri, na ƙaru sosai. Malam Usman, a misalinka na ga lu'ulu'u cikakke tsakanin Kamu da Tazara, amma layi kawai tsakanin Ɗaki da Kamu. Me ya sa? Littattafan biyu sun yi bayanin cikakke da fanko amma ban ga iyakar ba. Kuma adadin nan na "1" da "0..*" kullum ina juya su.

Injiniya Hadiza

Malam Nasiru, lu'ulu'u cikakke alƙawari biyu yake ɗauka: ɓangaren yana da mai shi guda ɗaya tak a lokaci ɗaya, kuma in aka share mai shi ɓangaren ya tafi tare da shi. Tazarar wani kamu ba ta da rayuwa in babu kamun, don haka cikakke. Kamu kuwa yana tsakanin Ɗaki da Ma'aikaci, kuma in an rufe ɗaki wataƙila ana son tarihin tarukan da aka yi a cikinsa ya saura. Shi ya sa layi kawai. A rumbun bayanai wannan shawarar ce ke zama sharewa mai bin 'ya'ya, wato ON DELETE CASCADE, don haka sa lu'ulu'u cikakke inda bai dace ba yana iya cinye bayanan da ba a so a rasa.

Fanko kuwa, kada ka ɓata dare a kansa. Ma'aunin UML da kansa ya bar ainihin ma'anarsa ga mai zane da fagen aikinsa, kuma a kod ba ya bambanta da layi na yau da kullum. Ka yi amfani da layi da cikakke, sun wadatar.

Adadi ana rubuta shi ne a ƙarshen da ake ƙirgawa. Ka ɗora yatsa a kan Ɗaki, ka ce "ɗaki ɗaya yana da kamu nawa?", amsar ka rubuta ta can kusa da Kamu. Ka koma kan Kamu ka yi tambayar a juye, amsar ta zauna kusa da Ɗaki. Ka kula da bambancin "1" da "0..1": na biyun yana nufin a kod wurin zai iya zama babu komai, kuma duk inda aka taɓa shi sai an duba. Haka "1..*" yana nufin ba za a iya ƙirƙirar abin ba sai da aƙalla ɗaya a hannu. Mutane suna rubuta shi don ya fi kama da gaskiya, sai su zo ƙirƙirar sabon ɗaki su tarar zanensu ya ce dole ya zo da kamu tun ranar farko.

Malam Bashir

Na yarda da Malam Usman kan PlantUML a matakin farko, amma ba zan ce a yi watsi da masu ajiye samfuri ba. Wanda zai yi aiki a inda ake bin diddigin kowace buƙata har zuwa ajin da ya cika ta, kamar manhajar jiragen sama ko na'urorin asibiti, zai same su a gabansa, tare da SysML ma, 'yar'uwar UML ta zana tsarin injiniyanci. Sai dai ya shige su bayan ya iya tunanin, ba kafin ba.

Abu biyu da littattafan wancan zamani suka zuzuta, ka karɓe su da taka-tsantsan. Na farko fitar da kod daga zane. Daga zanen azuzuwa ƙwarangwal kawai kake samu, sunaye da siffofi da ayyuka marasa ciki. Da ka cika su da hannu ka sauya wani abu, zane da kod sun fara rabuwa, kuma daidaita su kullum aiki ne da yawanci ake gajiya da shi. Na biyu ciro zane daga kod. Ka ba manhaja shiri mai azuzuwa 300, za ta ba ka akwatuna 300 da layukan da ba mai iya bi. In za ka yi, zaɓi azuzuwa biyar zuwa takwas da suka shafi tambaya ɗaya, ka ɓoye siffofi da ayyukan da ba su da hannu a ciki.

Sai babin salon ƙira, wanda nake zaton yana ƙarshen sabon littafinka. Tushensa littafin nan ne mai suna Design Patterns na marubuta huɗu da ya fito a 1994, mai salo 23, da misalai a C++ da Smalltalk. Kada ka haddace su a jere. Ka jira matsalar ta zo. A misalin ɗakin taro za ta zo ne ranar da aka ce ƙa'idar sokewa ta bambanta: ƙaramin ɗaki ana iya sokewa kowane lokaci, babban zaure sai da sanarwar awa 24. In ka ga kana jera "in kaza, in kaza" a cikin Kamu, lokacin ne za ka buɗe salon Strategy: ka fitar da ƙa'idar sokewa ta zama intafes (sunan aiki ba tare da cikinsa ba) mai aiki ɗaya, kowane ɗaki ya riƙe tasa. Ka kuma tuna harsunan sun ci gaba. Tun Java 8 ta 2014, intafes mai aiki ɗaya ana iya cika shi da lamda, wato gajeren aiki marar suna, a layi guda, a Python kuwa aikin kansa kake miƙawa, don haka azuzuwa uku ko huɗu da littafin ya zana za su iya zama layi uku a kod ɗinka. Salon Singleton, inda aji ke da abu guda ɗaya tak a duk shirin, shi ne ya fi sauƙin ganewa, shi ya sa masu koyo suke watsa shi ko'ina, amma yana ɓoye dogaro, kuma gwaji ɗaya yakan bar saura a cikinsa ya ɓata na gaba. In Ɗaki yana buƙatar agogo don ya san ko lokaci ya wuce, miƙa masa agogon ta wajen ƙirƙira, yadda a gwaji za ka iya ba shi na bogi da ya tsaya a 10:59.